Godiya bayan ziyararmu tsibirin Skye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, mun dawo Glasgow lafiya bayan kwana uku a tsibirin Skye da ke arewa maso yammacin Sikotland, kuma kafin Baba da Inna su koma gida sun umarce ni da in rubuta wannan godiya da sunansu da nawa, zuwa ga duk wanda ya sa hannu har tafiyar ta yiwu.

Godiya ta farko ga ’yan’uwa ɗalibai da suka haɗa mana kuɗin hayar mota a matsayin tukuicin kammala karatuna, da kuma abokin zamana wanda ya ajiye aikinsa ya riƙe sitiyari tun daga Glasgow har muka haye gadar da ta haɗa tsibirin da babban yanki, wadda aka buɗe a 1995. Baba ya yi shekaru yana koyar da tarihi, kuma ciwon gwiwa ya sa na yi shakkar kai shi wuri mai duwatsu da iska irin wannan, amma ku kuka nace cewa bai kamata ya zo ƙasar nan ya koma bai ga komai ba sai titunan birni.

Muna godiya ga ma’aikatan fadar Dunvegan, gidan sarautar zuriyar MacLeod, inda shugabanninsu suka shafe kimanin shekara 800 suna zaune, abin da ya sa ake cewa babu wata fada a Sikotland da aka daɗe ana zaune a cikinta ba yankewa kamar ita. Wata dattijuwa daga cikinsu ta lura Baba yana ɗingishi, ta samo masa wurin zama, sannan ta tsaya tana amsa tambayoyinsa a kan tsohuwar tutar siliki da suke kira tutar aljanu, wadda almararsu ke cewa tana kawo nasara idan an ɗaga ta a yaƙi. Baba bai karɓi zancen aljanun ba, amma hankalinsa ya karkata ga bayanin da ta yi cewa masana suna ganin daga Gabas ta Tsakiya yadin ya fito.

Sai dai a ganina, kuma Baba ya yarda da ni, wurin da ya fi cancantar ziyara shi ne gidan tarihin rayuwar talakawan tsibirin da ke Kilmuir. Ƙananan ɗakuna ne na dutse masu rufin ciyawa, an rataya wa jinkar duwatsu don kada iska ta yaye ta, kuma a cikinsu akwai masaƙa da maƙera da murhun da ake ƙona busasshiyar ƙasar fadama a madadin itace. A nan muka ji yadda masu filaye suka riƙa korar manoma daga gonakinsu a ƙarni na 19 domin su zuba tumaki, har mutanen yankin Braes da ke tsibirin suka yi arangama da ’yan sanda a 1882, aka kuma yi dokar da ta tabbatar wa ƙananan manoma zamansu a 1886. Inna, wadda ba ta ce uffan ba a fadar, a nan ta daɗe a tsaye gaban masaƙar. Kusa da wurin akwai kabarin Flora MacDonald, matar da ta tsallako da Yarima Charles Edward Stuart, mai neman gadon sarautar Birtaniya, zuwa tsibirin a 1746 yana cikin shigar ’yar aiki bayan an ci shi da yaƙi a Culloden. Dutsen Storr kuwa daga cikin mota muka hange shi, domin hazo ya rufe rabinsa.

Godiya mafi nauyi ta wani makiyayi ce. Da yamma, kusa da kangon fadar Duntulm, tayarmu ta fashe a kan irin siririyar hanyar nan da mota biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ta raɓe, ga ruwan sama, ga waya ba sabis. Bawan Allahn nan ya tsayar da motarsa, ya durƙusa cikin taɓo ya taya mu canza tayar, matarsa kuma ta shigar da Baba da Inna gida ta ba su shayi da bargo, ta nuna musu ɗaki mai tsabta suka yi sallah. Na miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai ya ƙi karɓa.

Haka nan muna godiya ga uwar masaukinmu a Portree, wadda da ta ji ba ma cin naman alade ta riƙa dafa mana kifi da ƙwai, ta kuma yi haƙuri da motsinmu cikin dare, tunda a bazarar can rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma, asuba kuma tana biyo bayan isha’i ba da jimawa ba.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba Baba lafiyar gwiwa, Ya kuma sauke shi da Inna gida lafiya ranar Asabar. Amin.