Na fi yarda da muryar ɗalibi a kan rubutunsa

Tun da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 nake koyar da darasin ƙididdiga ta intanet. Yawancin ɗalibaina manya ne masu iyali: ma'aikatan jinya, malaman firamare, sai 'yan kasuwa jefi-jefi. Koyarwar da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda zan tabbatar wanda ya turo aiki ya fahimci abin da ya turo.

Waɗanda suka riga mu a karatu daga nesa sun san da wannan. Jami'ar karatu daga nesa ta Nijeriya, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002, maki 30 kawai take ba ayyukan da ɗalibi ke yi daga gida. Sauran 70 na jarrabawa ne. Da ma aikin da aka yi a ɗaki ba a san hannun wa ke ciki ba.

A da ina gane satar amsa idan mutum biyu suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Daga ƙarshen 2022 da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsar tambaya, ta fito, sai ayyuka suka riƙa zuwa tas, ba kuskure, Turanci kamar na littafi. Ba na saurin kiran kowa ɓarawo, don na san wanda ya kwana wurin aiki, ga yara, ga wa'adi ya matso, zai nemi mafita. Amma in na ba shi maki a kan abin da bai sani ba, na cuce shi, na kuma cuci mutanen da zai yi wa aiki gobe.

Shi ya sa yanzu duk aikin da aka turo sai an haɗa da saƙon murya na minti biyu ta WhatsApp, da Hausa ko Turanci, mutum ya faɗa mini dalilin da ya bi hanyar da ya bi. Haka malaman zaure ke yi tun fil'azal, ɗalibi ya biya karatu malam na saurare.

Wata ma'aikaciyar jinya ta turo nata bayan sallar asuba, ana jin motsin kwanuka a bayanta. Tambayar ita ce yaushe haɗa adadi a raba ke yaudarar mutum. Ta ce, "Malam, a ce jarirai huɗu kowanne kilo uku, na biyar bakwaini ne, kilo ɗaya. In na haɗa na raba biyar, sai ya ja sauran ƙasa, a zaci duk ba su cika ba. Gara in jera su in ɗauki na tsakiya." Rubutunta cike yake da kurakuran Turanci, amma ita ta fi kowa maki a wannan makon.

Halartar darasi kai tsaye ta manhajar bidiyo ta Zoom kuwa ba na ba ta maki ko ɗaya, ba na kuma tilasta buɗe kyamara. Wanda ke ƙauye sai ya hau tudu yake samun sabis, ga kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Matar aure ma tana da haƙƙin kada a leƙa ɗakinta. Darasin nakan yanka shi gajeru-gajeru, kowa ya sauke lokacin da ya samu hali.

Sauraren yana cin lokaci sosai, kuma abokan aikina masu ɗalibai ɗari biyar sun ce ba zai yiwu musu ba. Gaskiyarsu ne. Shawarar da nake ba su ita ce kowa ya turo muryarsa, sannan a yi ƙuri'a duk mako a saurari mutum ashirin, ba tare da an faɗa musu na wa za a ɗauka ba.