Daga wa ta gudu?

Shekarata ta farko ina aiki da yaran da kotu ke turowa gidan gyaran hali, fayil nake saurara, ba yarinya ba. Fayil ya ce "ta gagari iyaye", ko "an kama ta a tasha cikin dare", sai in gyara zama in hau nasiha.

Wata 'yar shekara 14 ce ta sauke min wannan girman kai. Ga ta ta fara zama budurwa, amma fitsarin kwance take yi. Da hijabi take kwana, zani biyu ɗaure tam ko a zafin bazara, bayanta manne da bango. Aka karkaɗa makullai a baranda sai ta sandare. Aka dafa kafaɗarta sai cizo. "Taurin kai" na rubuta a rahotona. Har na goyi bayan a yi sulhu ta koma gida, tunda mijin uwarta ya zo da kansa, cikin babbar riga, yana ta ba da haƙuri. Kwana tara aka sake kawo ta.

Wata yamma muna tsintar shinkafa ta ce, "Anti, kowa tambayata yake ina na je. Ba wanda ya ce daga wa na gudu."

Ranar na daina fara hira da laifin. Na kuma koyi kallon agogo: maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 bayan fyaɗe ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuwa bai wuce kwana biyar, amma yarinya kan cinye kwanakin nan a tsare wajen 'yan sanda, dangi na ta "a rufa asiri, kada ta rasa miji". Cajen jiki da ake yi ranar shigowa ma, mu a wurinmu ƙa'ida ce, ita kuwa fami ne.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe. Sai dai gidajen horon tarayya na Kaduna, Ilorin da Abeokuta don maza aka gina su, mata kuwa sai inda jiha ta samu ta ajiye su, wani lokaci har cikin manyan fursunoni mata.

Yarinyar nan dai wajen gwaggonta aka kai ta daga baya. Zuwana na ƙarshe na tarar ta fara kwana ba hijabi, amma gwaggon ta ce har yanzu sai ta jingina turmi a bayan ƙofa.