Tambayar da aka yi min a bakin ƙofar aji yau

Da safe aji ya yi daɗi wallahi. Fenti muka yi, hannun kowa kaca-kaca, Anti tana ta cewa a naɗe hannun riga babu mai sauraronta. Autan ajinmu yau ya ɗaure igiyar takalminsa da kansa, sai da ya zagaya ya nuna wa kowa har da mai shara.

Sai lokacin tashi.

Maman sabuwar yarinyar nan, wadda tun da aka kawo ta ba ta ce uffan ba, ta tsaya gefe har iyaye suka ragu sannan ta matso. Yaren da muke koyarwa da shi bai zauna mata a baki ba, tana yi tana haɗawa da hannu amma na gane ta sarai. Ta ce, "Malama, ni da babanta mun yi shawara, za mu daina yi mata yarenmu a gida ko Allah zai sa ta yi saurin kama na makaranta. Ya kika gani?" Tana faɗa tana murmushi fa, ita a ganinta sauƙaƙa min aiki za ta yi.

Gabana ya faɗi. Na ce Mama don Allah kar ku yi haka, zo mu zauna. Muka zauna a kan 'yan kujerun yara na yi mata bayani iya yadda zan iya, cewa shirun nan ba ciwo ba ne, yaron da aka kawo inda ake yaren da bai sani ba yakan yi makonni wani ma watanni bai buɗe baki ba, sauraro yake yana tarawa, kuma 'yarta tana fahimta don in na ce a je a wanke hannu ita ce kan gaba a layi. Na ce mata yaren gida ba ya tare wa na makaranta hanya. Yarinyar da ta iya ƙirga da ba da labari da yin tambaya da yaren uwarta ta riga ta san yadda ake yin waɗannan abubuwan, sabbin kalmomi kawai za ta ɗora a kai. In kuwa suka koma yi mata yaren da su kansu ba su ƙware ba to hirar gidan ce za ta mutu, ya rage daga zo sai zauna sai yi shiru, babu wasa babu tatsuniya babu rarrashi. Na tambaye ta kakar yarinyar da wane yare suke gaisawa a waya. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce ai a makarantar da yayan yarinyar ya fara an ce musu yaren gida ne ke rikita shi, shi ya sa.

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu. Wani ya zauna a matsayin malami ya gaya wa uwa cewa harshenta cikas ne ga ɗanta, ita kuma ta yarda don tana ganin ya fi ta sani. Tun 1953 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da rahoto cewa yaro ya fi koyo da harshen uwarsa, amma har a 2016 ƙiyasinta shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya ba sa samun karatu da yaren da suke ji. Yarjejeniyar 'yancin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma, sashe na 29, ta ce ilimi ya koya wa yaro girmama iyayensa da harshensa da al'adarsa. A takarda kenan. Ni abin da na gani yau uwa ce tana neman izinina ta yi shiru a gidanta.

Na samu Hajiya shugabar makarantarmu a ofis na ba ta labari, ta ce ai shi ya sa muke ranar al'adu duk shekara, kowa ya sa kayan garinsu a yi rawa a yi hoto. Ina son ranar nan, yara na jin daɗinta sosai, amma gaskiya ba ta isa ba. Louise Derman-Sparks, wata masaniyar ilimin ƙananan yara 'yar Amurka, ta yi magana a kan irin wannan tun 1989, ta kwatanta shi da yawon buɗe ido, a leƙa al'adar mutane rana ɗaya a dawo a ci gaba kamar babu su. Yaro ɗan shekara huɗu abin da yake gani kullum shi yake ɗauka daidai, wa ke cikin littafin hoto, 'yar tsanar da ke kwando da wa ta yi kama, waƙar wa ake rerawa, sunan wa malama ke faɗa daidai sunan wa take gutsurewa don ya yi mata wuya. Littattafan da aka sayo mana kusan duk fuska iri ɗaya ce, gida iri ɗaya.

Ina ta tuna mutanen Maori na New Zealand. An yi zamanin da ake dukan yaransu a makaranta in sun yi yarensu, har iyaye da kansu suka daina koya wa 'ya'yansu don kar su sha irin wahalar da suka sha. Da suka ga yaren na neman ɓacewa sai a 1982 suka fara buɗe wuraren renon yara da ake kira Kohanga Reo, tsofaffi su zauna da ƙananan yara suna yi musu yaren daga safe har tashi. Sai da aka koma wajen kakanni kenan don iyayen da yawa ya riga ya kuɓuce musu. Ba na so ajina ya zama mafarin irin wannan ga ko da gida ɗaya.

Kafin ta tafi dai mun yi da Mama za ta turo min murya ta WhatsApp, yadda suke cewa ruwa da banɗaki da ciwo da sannu, da waƙar da take yi mata in za ta yi barci, sai hoton 'yan gidansu in manna ƙasa-ƙasa inda idon yara zai kai, zan kuma nemi na sauran iyaye duka don kar ya zama ita kaɗai aka ware. Na ce ta zo wata rana haka kawai ta ba mu labari da yarensu, ta yi dariya ta ce wa zai gane, na ce yara ne, za su bi hannunki da fuskarki. Ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba.

Kaina na ciwo. Ban rubuta shirin darasin gobe ba, fenti kuma ya ƙi fita daga mayafina.

Mitin ɗin malamai jibi ne, na ce wa Anti ta mara min baya kan maganar canza littattafan, ta ce sai ta ga fuskar Hajiya tukuna.