Daren da na zauna a taron hukumar makarantun Fairfax

Jirginmu ya sauka a filin Dulles na ƙasar Amurka cikin tsananin hunturu, sanyi har cikin ƙashi. Yayata ce ta tarbe ni, muka shiga jirgin ƙasa na Metro, wanda layinsa bai iso filin ba sai a Nuwamban 2022. Gidanta yana gundumar Fairfax ta jihar Virginia, daf da birnin Washington. Ziyarar zumunci na je, amma aikina malanta ne, saboda haka tun safiyar farko idona yana kan motocin nan masu ruwan ɗorawa da ke kwasar yara kyauta a bakin titi. Na tambaye ta wa ke biyan kuɗinsu. Ta ce, “Ƙanena, bari Alhamis ta zo, ka ga masu abin da idonka.”

Ranar Alhamis da almuru muka nufi makarantar Luther Jackson, inda hukumar makarantun gundumar ke zamanta. Ginin kansa yana da tarihi. An buɗe shi a 1954 a matsayin sakandaren baƙar fata, zamanin da doka ta raba yara bisa launin fata, kuma a haka ya zauna har 1965. Yau a zaurensa ake yanke shawarar karatun yara wajen dubu 180 da ke makarantu kusan 200.

Mutum goma sha biyu ne a kan teburin: tara kowa da yankin da yake wakilta, uku kuma duk gundumar ce ta zaɓe su, wa'adin shekara huɗu. Da naɗa su ake yi; sai a 1992 jihar ta halatta zaɓe, Fairfax ta fara nata a 1995. Akwai ɗalibi ɗaya a gefe, yana da bakin magana amma ba ya kaɗa ƙuri'a. Su ne ke ɗaukar shugabar gudanarwa aiki, su kuma ke da ikon sallamarta. Michelle Reid ce a kujerar tun 2022, ita ke kula da malamai da gine-gine da motoci, ta dawo gabansu ta ba da bahasi.

Sai aka zo lokacin jama'a. Nan ne hankalina ya tsaya. Duk wanda ya rubuta sunansa ana ba shi 'yan mintoci kaɗan, agogo yana tafiya kowa na gani. Wata uwa ta koka da cunkoso a ajin ɗanta. Wani malami ya ce albashinsa ba ya isa ya kama haya a gundumar da yake koyarwa. Wata yarinya, muryarta na rawa, ta roƙi a ƙara masu ba ɗalibai shawara. Ba wanda ya katse su, kuma ana watsa zaman kai tsaye. Ni da na saba da kwamitin iyaye da malamai, inda koke yakan tsaya a ofishin hedimasta, na ga abin da ya girgiza ni: uwa tana fuskantar wanda ta zaɓa, shi kuma ya san za ta sake riƙe takardar ƙuri'a.

A hanyar komawa na ce, “Yaya, ai waɗannan sun gama samun iko.” Ta ce a'a, lalitar ba a hannunsu take ba. A Virginia hukumar makarantu ba ta da ikon ɗora haraji. A Janairu shugabar gudanarwa take gabatar da kasafi, wanda ya haura dala biliyan uku da rabi, hukumar ta duba ta miƙa wa majalisar gunduma mai mutum goma. Majalisar ce ke tsai da harajin gidaje da filaye, ita ke ba da kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin, jiha ta kawo mafi yawan ragowar, gwamnatin tarayya kuwa ɗan kaɗan. Idan majalisar ta ba da ƙasa da abin da aka nema, dole hukumar ta zauna a watan Mayu ta zabtare, kafin sabuwar shekarar kuɗi ta kama a 1 ga Yuli. Shi ya sa iyayen da na gani za su sake yin layi a Afrilu gaban majalisar.

Tsarin ya burge ni, amma ya bar mini damuwa. Makarantar da ta dogara da harajin gidaje, ƙarfinta yana bin tsadar gidajen ne. Fairfax tana cikin gundumomi mafi arziki a Amurka. Jihar tana ƙara wa matalautan gundumomi kaso don a rage tazarar, duk da haka yaron da aka haifa a yankin ma'adinan kwal na kudu maso yammacin Virginia, majalisarsa ba ta da irin wannan dukiya da za ta tatsa, ko da iyayensa sun cika zauren taro kowane mako.