Cooey, bindigar manoman Kanada da sunanta ya ɓace

Wani dattijo da muke zaman mutunci da shi a wani ƙauye a lardin Ontario na Kanada ne ya fara nuna min ita. Ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle bindigoginsa, ya tsallake sababbin masu ƙyalli ya ciro wata siririya, katakon gindinta duk ya dushe, wajen da hannu ke kamawa har ya yi santsi dan tsufa. Ya ce ta babansa ce. A jikin ƙarfen an buga COOEY, sai Cobourg, Ontario. Ni kam sunan ma ban taɓa ji ba, shi kuma ya kalle ni kamar na ce ban san ruwa ba.

Mai sunan shi ne Herbert William Cooey. A 1903 ya buɗe ɗan shagonsa na injuna a Toronto, aikin ƙarfe kawai yake yi, ba ruwansa da bindiga a lokacin. Sai bayan yaƙin duniya na ɗaya, a 1919, ya fito da wata ƙarama mai cin ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 guda ɗaya tak, ya sa mata suna Canuck. Ta samu karɓuwa sosai, har wajen ya yi musu kaɗan, a 1929 ya kwashe kamfanin ya koma Cobourg, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Ontario.

Abun da ya burge ni shi ne ba wani kwalliya a jikinta ko kaɗan. Dattijon ya gwada min ba harsashi a ciki: ka ja sakatar baya, ka saka harsashi ɗaya, ka rufe, amma fa ko ka taɓa kunamar ba za ta tashi ba sai ka sa yatsu biyu ka ja wani ɗan maɓalli da ke bayan sakatar har ya ce ƙas. Ya ce saboda wannan ne iyaye suke yarda su fara koya wa yaro harbi da ita, kuma tunda harsashi ɗaya ne yaron dole ya nutsu, in ya kuskure zomon ya tafi kenan. Ga araha. Manomi da ke can nesa da birni zai duba littafin kayan kantin Eaton's ya yi oda ta gidan waya a aiko masa, wasu ma da wani suna daban ake buga su amma Cooey ce ta ƙera.

Hubert, ɗan Herbert Cooey, ya karɓi ragamar kamfanin a 1937, a zamaninsa aka yi Model 60 mai ɗaukar harsashi da yawa a bututu, da Model 82 ta horar da sojoji lokacin yaƙin duniya na biyu, sai Model 84, mai baki ɗaya da ake karyawa a tsakiya a saka harsashi, ta harbin agwagi da sauran tsuntsaye. Hubert ya riga uban rasuwa a 1957, tsohon ya dawo daga ritaya ya riƙe na ɗan lokaci, a 1961 ya sayar wa kamfanin Olin na Amurka, masu kamfanin bindigogi na Winchester.

To daga nan ne hirar dattijon ta canza, ya fara tsaki. Wai 84 ta koma 840, 60 ta koma 600, aka fara tsuke kuɗi ana cusa roba inda da ƙarfe ne. Ni dai ina ganin akwai son tsohon abu a maganarsa, dan a ƙarƙashin Winchester ɗin ne ma aka fito da Model 64 a 1964, wadda ke ɗora harsashi da kanta. Amma bai yarda ba sam, ya ce ai kowa ya riƙe tsohuwar da sabuwar a hannu zai ji bambanci.

A 1979 aka rufe masana'antar Cobourg. Injunan ƙera 64 suka koma hannun wani kamfani mai suna Lakefield Arms, daga baya kamfanin bindigogi na Savage ya saye Lakefield ɗin, aka ci gaba da ƙera ta a garin Lakefield da sunan Savage 64. Da na faɗa masa haka sai ya ɗaga kafaɗa, ya goge tasa da tsumma mai mai, ya mayar ya kulle.