Mun je Zell am See, aljihu bai yi kuka ba

Jama'a mun dawo daga Zell am See ta ƙasar Ostiriya, ni da maman yara da yaran, alhamdulillah. Daga Munich muka bi jirgin ƙasa ta Salzburg, tikitin tun da wuri na yanka shi yasa ya zo da sauƙi. Otal kam ko kallonsa ban yi ba, ɗaki mai kicin muka kama a Kaprun, wani ƙauye kusa da garin, madam ta taho da yajinta, sauran cefane a kantin Hofer, shinkafa da wake a kula muke hawa dutse da ita wlh Turawa sai leƙe suke 😂

Abin da ya ci kuɗi shi ne motar igiyar nan ta hawa dutsen Kitzsteinhorn, amma ta cancanta. Sama da mita 3,000, ga ƙanƙara a tsakiyar Agusta! Autana ya dunƙula ya kai baki wai zai ji ko akwai sikari, kafin mu sauko yatsunsa sun ƙage yana ta kuka.

Larabawa cike da gari, abincin halal ba wuya sai dai tsada. Mai niyyar zuwa ya tambayi mai masauki ko yana ba da katin bazara, da shi ana shiga wurare da dama kyauta.