Godiya ga waɗanda suka shiga kwata tun kafin ruwa ya zo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin 'yan ƙungiyarmu ta sa-kai masu kula da muhalli, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin yashe magudanan ruwa da muka yi kafin faɗuwar damina, da duk wanda ya fito a daren da aka tafka ruwan nan kamar da bakin ƙwarya. Alhamdu lillahi, ba mu rasa rai ba. Katangu sun zube, wasu ɗakuna sun rufta, kaya sun jiƙe, amma kowa ya wayi gari da ransa.

Godiyar farko ta matasan da suka shiga kwata ce. Sai wanda ya gani da idonsa zai san abin da ke cikin magudanar nan. Leda ce cunkushe, ta haɗu da yashi da tsummokara da robobi, ta daskare har sai an sa diga kafin shebur ya ci. Na ga wani saurayi tsaye cikin baƙin ruwa har gwiwa, ba safar hannu, yana janyo ledar da ta toshe bakin kwalbati, wari ya kori na gefe, shi kuwa ko a jikinsa. Masu wucewa wasu na sa albarka, wasu na cewa aikin gwamnati ne, me ya kai ku. To, a daren ruwan ta wannan kwalbatin ambaliyar ta bi ta wuce. Da a toshe yake, cikin gidajen mutane za ta juya. 'Yan samari, Allah Ya yi muku albarka, Ya saka wa iyayen da suka haife ku.

Dalilin da ya sa muka matsa a yi aikin da wuri shi ne ruwan yanzu ya sauya hali. Masana yanayi sun tabbatar cewa duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa sau da yawa ruwa mai yawa kan juye cikin 'yan sa'o'i. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa a 2024 zafin duniya ya haura na zamanin da ba a kafa masana'antu ba da kusan digiri 1.55, alhali a yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun yi alkawarin ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Magudanar da aka gina da lissafin ruwan da, ko a buɗe take da ƙyar take ɗaukar na yanzu, balle ta cika da shara. Dattawan da suka zauna suka saurari wannan bayani daga bakin 'ya'yan cikinsu, ba su raina mu ba, suka ce a yi, mun gode ƙwarai. Amincewarku ce ta fito da mutane.

Iyayenmu mata, ban san ta inda zan fara ba. Ku ne kuka buɗe ƙofa cikin dare kuka karɓi maƙwabta da yaransu, kuka ba da busassun zannuwa da wurin kwanciya. Amma abin da ya fi taɓa ni ya faru tun kafin ambaliyar. Kun yi shawara a tsakaninku kuka daina aiken yara su juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗo, da sunan ruwa zai tafi da ita. Ba ya tafiya da ita ko'ina, a bakin kwalbati na gaba yake ajiye ta. Barin wannan ɗabi'a ya fi yashe kwata wuya, kuma kun yi.

Ku ne kuma kuka raya itatuwan da muka dasa bara. Ranar dashe kowa yana nan, ana ɗaukar hoto. A tsakiyar rani kuwa, lokacin da ruwan sha kansa sai an sha wuya, ku kuka riƙa tara ruwan ɗauraya kuna kai wa dashen, kuna gyara shingen da awaki suka ture. Inda saiwa ta kama, ƙasa tana shan ruwa maimakon ta bar shi ya kwarara, mun ga bambancin a gefen hanyar da aka yi dashen. Da matan karkara Wangari Maathai, mai fafutukar kare muhalli, ta fara nata aikin a Kenya a 1977, suka dasa itatuwa sama da miliyan 30, har aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Duk lokacin da na gan ku da bokiti da yamma sai na tuna da su.

Direban tifa da ya kwashe tarin sharar da muka fitar bai karɓi komai ba, na gode masa a bainar jama'a duk da ya hana a ambaci sunansa. Ofishin da ya yi mana alkawarin mota bai turo ba har ruwan farko ya mayar da wani sashe na sharar cikin kwata, muka sake fitarwa. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, amma muna roƙon hukumomi su dubi maganar leda da gaske. Ruwanda ta haramta ta tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Abu ne mai yiwuwa.

Akwai abin da ke ci mini rai kuma sai na faɗa. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma talakanta na cikin masu fara ɗanɗana kuɗarsa. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi. Tsohuwar da ɗakinta ya rufta a layinmu tana da haƙƙi a irin wannan asusu, kuma za mu ci gaba da faɗa har a ji. Kafin nan, maƙwabtanta ne suka haɗa hannu suna tayar mata da bango, Allah Ya biya su.

Aiki bai ƙare ba. Ruwa ya kwanta a wurare da dama, sauro ya fara yawa, kuma rijiyoyin da ambaliya ta shiga ba za a sha ruwansu ba sai an tsabtace su, saboda gudun kwalara. Don Allah a tafasa ruwan sha, musamman na yara. Ranar Asabar da safe za mu fito cike ramuka da buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya. Mai baro ya zo da shi, mai shebur ma haka, muna kuma neman takalman roba da safar hannu ga yaran da ke shiga kwata.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, yawa ne ya hana. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin abin da suka rasa.

Wassalam.